Yadda ake nema wa yaro gurbi a firamaren Sifaniyanci a Amurka: ƙuri'a da layin jira

Iyalin da zai tashi daga Sakkwato zuwa Amurka, ko malamin Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne zai tafi ƙarin karatu, ko likita ce ta samu aiki, yawanci hankalinsu na kan biza da tikiti da gidan haya. Maganar makarantar yara sai an sauka. Idan makarantar unguwa ake so, wannan ba matsala ba ce, domin duk yaron da ya kai shekarun shiga yana da haƙƙin kujera a makarantar gwamnati ta yankin da yake zaune, ko a tsakiyar zango ya zo. Amma firamaren da ake koyarwa da Sifaniyanci lissafinsu daban ne. Masu nema sun fi kujeru yawa, don haka ƙuri'a ake yi, kuma ana yin ta tun cikin hunturunsu, wata biyar ko shida kafin a buɗe makaranta. Wanda ya sauka a watan Agusta sai ya tarar an riga an raba.

Ƙuri'ar kanta babu mai iya juya ta. Ba jarrabawa ake yi ba, ba a karɓar ko sisi, takardar wani babba ba ta aiki, kwamfuta ce ke ba kowane yaro lamba. Ga mai jin ɗar-ɗar da abin, ba caca ba ce, tunda ba a zuba kuɗi, kuma rabo ta ƙuri'a tsakanin masu haƙƙi ɗaya abu ne sananne a sunna. Inda iyaye ke asarar gurbi shi ne kafin ƙuri'ar da bayanta: wajen cika fom, wajen jera zaɓi, da wajen amsa kira idan layi ya zo kansu.

Wace irin makaranta ce ma tukuna

A wannan tsari Sifaniyanci ba darasin minti arba'in ba ne. Da shi ake koyar da lissafi da kimiyya da karatu, kamar yadda yaron Birnin Ƙwanni kan shiga aji ya tarar malam da Faransanci yake yin komai. Tsarin ya daɗe: makarantar Coral Way a Mayami ta fara haɗa masu jin Turanci da masu jin Sifaniyanci a aji ɗaya a 1963, Culver City a Kalifoniya ta fara tsunduma yara masu jin Turanci cikin Sifaniyanci a 1971, jihar Yuta kuma ta yi doka a 2008 ta baza tsarin a makarantunta. Mutum fiye da miliyan 40 ke magana da Sifaniyanci a gidajensu a Amurka, shi ya sa iyaye ke rububi.

Abu biyu za ku tambaya game da kowace makaranta. Na farko rabon lokaci. Akwai masu raba rana ko mako biyu daidai, rabi Turanci rabi Sifaniyanci. Akwai masu farawa da kashi 90 Sifaniyanci, kashi 10 Turanci a ajin kindagatin, wato ajin 'yan shekara 5 da ke kafin aji 1, suna ƙara Turanci kowace shekara har ya zama rabi da rabi wajen aji 4 ko 5. A irin ta biyun yaro da Sifaniyanci yake fara koyon karatu, kuma a shekarun farko karatunsa na Turanci kan yi baya kaɗan da na tsaransa. Wannan sanannen abu ne, kada ya tayar muku da hankali. Binciken da cibiyar bincike ta RAND ta jagoranta a makarantun birnin Potlan, wanda aka wallafa a 2017, ya kwatanta yaran da suka ci ƙuri'a da waɗanda ba su ci ba, ya ga waɗanda suka ci sun zarce a karatun Turanci da kimanin wata 7 a aji 5, da wata 9 a aji 8, ba tare da an ga sun yi baya a lissafi ko kimiyya ba.

Na biyu, su wa ke cikin ajin. Wasu makarantun kusan duk yaran ba masu jin Sifaniyanci ba ne. Wasu kuwa da gangan suke haɗa rabi 'ya'yan gidajen da ake jin harshen da rabi waɗanda ba sa ji. Wannan ya shafi ƙuri'a kai tsaye, domin kujerun kashi biyu ake raba su, kowane da ƙuri'arsa da layinsa. Yaron da ya tashi da Hausa yana ɓangaren marasa Sifaniyanci, inda galibi cunkoso ya fi yawa. Kada wani ya ba ku shawarar ku rubuta cewa yaro na jin harshen don a shiga ɓangaren da ya fi sauƙi. Makarantun gwamnati na birnin Washinton, da wasu da dama, suna gwada yaron baki da baki, idan bai ji ba kujerar ta tafi.

Shekarun yaro su ne ƙofar farko

Yawancin makarantun nan ba sa ɗaukar yaron da ba ya jin Sifaniyanci bayan kindagatin ko aji 1. Daga aji 2 sai an gwada shi, domin ajin ya riga ya yi nisa. Saboda haka idan yaronku ɗan shekara 8 ne yana firamare 3 a Runjin Sambo, ku bar wannan magana, ku nema masa makaranta mai kyau da za ta ƙarfafa Turancinsa. Ɗan shekara 3 zuwa 6 shi ne abin ya shafa.

Kowace jiha da ranar da take yanke shekara. A birnin Washinton da jihar Bajiniya sai yaro ya cika 5 zuwa 30 ga Satumba kafin ya shiga kindagatin. A Merilan da Tekzas da Minesota da Kalifoniya 1 ga Satumba ce. A birnin Niyok kuwa duk wanda zai cika 5 kafin ƙarshen Disamba na shekarar ya isa. Ba a sassauta wannan don yaro ya yi nazare biyu a gida ko ya haddace izu. Kuma ga wani tarko ƙarami da ke kama mutanenmu: Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana. Yarinyar da aka haifa 9 ga Maris, idan kuka rubuta 9/3 kamar yadda muka saba, fom ɗin zai karanta 3 ga Satumba. A jihar da ke yankewa 1 ga Satumba, wannan kuskure kaɗai ya isa ya jefa ta ajin da ba nata ba, kuma ba za a gano ba sai ranar rajista idan an buɗe takardar haihuwa.

Abin da za a haɗa tun daga Sakkwato

Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ba ta asibiti kaɗai ba. Ku duba rubutun sunan harafi bayan harafi ya yi daidai da na fasfo. Idan ɗaya ta ce Muhammad ɗaya ta ce Mohammed, ko an sa sunan kaka a matsayin sunan iyali a ɗaya, an sa na uba a ɗayar, ku gyara kafin tafiya, ku kuma yi amfani da na fasfo a kowane fom.

Sai katin rigakafi. Ku nemo shi, idan ya ɓata ku koma asibitin da aka yi a fitar muku da wani mai kwanan wata da hatimi. Makarantun Amurka na neman shaidar allurar shan inna, ƙyanda, tarin shiƙa, ciwon hanta da sauransu, amma akwai aƙalla biyu da ba sa cikin jerin da ake yi wa yara kyauta a nan: ta hangum da ta ƙarambau. Waɗannan a can za a yi su, kuma wasu allurai kashi biyu ne da tazara a tsakani, don haka ku nemi ganin likitan yara a makon farko da sauka.

Game da biza, yaron da ya biyo uba ko uwa mai bizar karatu ko ta musayar malamai yana da damar shiga firamaren gwamnati. Amma ba a ba wa yaro shi kaɗai bizar ɗalibi don ya je firamaren gwamnati, saboda haka tura yaro wurin kawunsa da wannan niyya ba hanya ba ce.

Adireshi shi ne babban ƙalubale ga wanda bai tafi ba tukuna. Wasu gundumomin makarantu, wato hukumomin da ke kula da makarantun kowane yanki, ba sa buɗe fom sai ga mazauninsu. Wasu, har da Washinton, suna barin mai shirin ƙaura ya shiga ƙuri'a, amma ranar rajista dole ya nuna shaidar zama, kuma ba zai samu fifikon 'yan unguwa ba sai yana da adireshi a unguwar. Ku rubuta wa ofishin rajista na gundumar imel ku tambaya kafin ku yi komai. Abin da ba za ku yi ba shi ne aron adireshin ɗan'uwa. A wurinmu wannan zumunci ne, a wurinsu zamba ce, ana bincike, ana korar yaro, ana kuma iya tilasta iyaye su biya kuɗin karatun da ya yi.

Jera zaɓi, inda aka fi yin ɓarna

Mu ɗauki tsarin Washinton, My School DC, wanda aka fara a 2014, domin ya fi bayyana a fili. Fom ɗaya ne ga makarantun gwamnati irin su Oyster-Adams da Bancroft da Marie Reed, da kuma makarantun da gwamnati ke biya amma ƙungiya ke gudanarwa, irin su Mundo Verde da DC Bilingual. Ana buɗewa tsakiyar Disamba, ana rufe na ƙananan azuzuwa farkon Maris, sakamako ya fito ƙarshen Maris, rajista kuma zuwa farkon Mayu. Wanda ya cika a ranar farko da wanda ya cika a ranar ƙarshe duk ɗaya ne a ƙuri'a. Duk da haka kada ku kai ƙarshen wa'adi da intanet ɗinmu. Kafin su sauya agogo a Lahadi ta biyu ta Maris, Sakkwato na gaban Washinton da awa 6, bayan nan awa 5.

Za ku jera makarantu har 12. Yaro lamba ɗaya yake samu, ita ke binsa kowace makaranta. Kwamfuta za ta gwada shi a zaɓi na 1, idan waɗanda suka fi shi fifiko ko lamba sun cika kujerun ta sauko na 2, haka har ya samu. Hikimar tsarin, wanda masana Gale da Shapley suka tsara a 1962, ita ce makarantar da kuka sa ta 6 ba ta rage wa yaronku daraja don ba ita ce ta 1 ba. Yana gasa a can da lambarsa daidai da wanda ya sa ta farko. Saboda haka babu wata dabara da ta wuce gaskiya: ku jera yadda zuciyarku ke so.

Ga dalilin da ya sa wannan ke da nauyi. Idan yaro ya samu zaɓi na 4, za a bar sunansa a layin jira na 1 da 2 da 3, a goge shi daga 5 zuwa 12. Uban da ya ce bari in sa mai sauƙin samu a sama don kada mu tashi babu, idan ya samu waccan, ya goge ɗansa da hannunsa daga layin makarantar da yake so da gaske. Makarantar da ake ganin za a samu cikin sauƙi ƙasa ake sa ta. Kuma kada ku cika jerin da makarantun da ba za ku iya kai yaro ba kullum.

Amma ba kowace gunduma ke bin wannan tsari ba. Akwai masu fara cika kujeru da waɗanda suka sa makarantar a zaɓi na 1, sai in an samu saura a duba masu na 2. Boston ta yi haka kafin ta sauya a 2005, wasu wuraren kuma har yanzu. A irin wannan, makarantar da ake rububi idan ba ta 1 kuka sa ba, kamar ba ku sa ba ne. Tambaya ɗaya za ku yi wa ofishin: shin matsayin da na ba makaranta yana shafar damar yarona a cikinta? Amsar ita za ta nuna muku yadda za ku jera. A wasu garuruwan ma kowace makaranta da fom ɗinta da ranarta, sai ku buɗe littafi ku rubuta wa'adin kowace.

Fifiko ya fi lamba ƙarfi

Kafin a duba lambar ƙuri'a, ana kasa yara rukuni-rukuni: mai ɗan'uwa a makarantar, mazaunin unguwar, a wasu wuraren 'ya'yan ma'aikata ko yaran gidaje masu ƙaramin ƙarfi. Mai fifiko da mummunar lamba yana gaban mara fifiko mai kyakkyawar lamba. A ɗauka makaranta ta sanar da kujera 50. Rabi na masu Sifaniyanci ne, saura 25. Idan ƙannen ɗalibai suka kwashe 12, 'yan unguwa 8, kujera 5 ce ta rage ga kowa da kowa. Don haka adadin da ke kan takardar talla ba shi ne abin dubawa ba. My School DC na wallafa alƙaluman shekarun baya: kujeru nawa aka saka a ƙuri'a, tsawon layi, da mutum nawa aka kira daga layin zuwa Yuni da Agusta da Oktoba. Ku duba na shekara uku a jere, ba ɗaya ba.

Ma'anar ɗan'uwa a wurinsu ta fi tamu ƙunci. Galibi sai yaran sun haɗa uba ko uwa ko mai riƙo na shari'a, kuma suna gida ɗaya. 'Yan uba da ke gida ɗaya sun shiga. Ɗan riƙo, ɗan wa ko ɗan ƙane da kuka raina tun yaye, bai shiga ba sai da takardar kotu da ta ba ku riƙonsa, kuma ita ma rajistar tasa za ta nemi wannan takarda. Masu tagwaye su cika fom biyu daga asusu ɗaya, su jera makarantu iri ɗaya, domin a Washinton idan ɗaya ya samu ɗayan na samun fifiko a wannan makarantar.

Zaman layin jira

Sakamako ya fito, yaro na 37 a makarantar da kuke so. Abu na farko, ku yi rajista a wadda ya samu ko ta unguwa kafin wa'adi. Yin haka ba ya cire shi daga layin waɗanda ke sama, ƙin yi kuwa na iya barinku babu ko ɗaya. A wasu gundumomi sai kun tabbatar da kanku cewa kuna son ci gaba da zama a layi, ku karanta saƙon sakamakon har ƙasa.

Lambar 37 ita kaɗai ba ta nuna komai. A makarantar da ta saba kiran mutum 60 labari ne mai daɗi, a wadda ke kiran 4 kuwa ku kwantar da hankalinku a inda kuke. Kuma kada ku yi mamaki idan ta koma 39. Ba maguɗi ba ne: wani iyali ne ya ƙaura unguwar, ko yayan wani ya samu kujera ya jawo ƙanensa gaba. Layin kan motsa sau uku: bayan wa'adin rajista na bazara, cikin Agusta da iyalai ke ƙaura, da makonnin farko na zango idan an ga waɗanda ba su zo ba, har zuwa farkon Oktoba da ake ƙirga ɗalibai.

Wanda bai samu shiga ƙuri'a ba ma yana iya cika fom bayan wa'adi, a sa shi bayan 'yan rukuninsa. Nan ne zaɓen gida ke da tasiri. Idan kuka kama haya a yankin makarantar gwamnati da duk azuzuwanta na harshe biyu ne, yaron kindagatin na iya shiga da haƙƙin unguwa. Ku sa adireshin a taswirar gundumar kafin ku sa hannu a yarjejeniyar haya, domin iyakar kan ratsa tsakiyar titi, kada ku dogara da bakin dillali. Azuzuwan 'yan shekara 3 da 4 kuwa ko ɗan unguwa sai ya shiga ƙuri'a.

Kiran layi ba ya jira. Dab da buɗe makaranta wa'adin amsawa na iya zama kwana ɗaya ko biyu, idan shiru suka ji su wuce na gaba. Iyali da yawa kan sa lambar wayar Najeriya a fom, sannan su cire layin wayar ranar da suka sauka, ko su sa imel ɗin da wani yaron shagon intanet ya buɗe musu ba su riƙe kalmar sirri ba. Imel ɗin da kuke dubawa kullum za ku sa, ku riƙa leƙa akwatin tarkace (spam), ku sauya lambar waya a asusun da zarar kun sayi layin Amurka. Uwargida da maigida duka su san yadda ake shiga asusun. Takardun rajista su zauna a jaka ɗaya da hotunansu a waya. Kuma ku yanke shawara tun kafin kira: idan sun kira a mako na uku, bayan yaro ya saba da malamarsa, za mu ɗauke shi ko a'a?

Bayan an samu

Ranar rajista za a ba ku fom na harshen gida. Ku rubuta Hausa. Za a gwada Turancin yaron, idan yana buƙatar taimako a ba shi, kuma doka ta wajabta wa makaranta ta isar da muhimmin bayani ga iyaye da harshen da suke fahimta, don haka uwargidan da Turancinta bai yi ƙarfi ba tana iya neman tafinta. Idan Turancin yaron ma bai zauna ba, mun fi ganin dacewar tsarin rabi da rabi a kan na kashi 90, ku kuma tambayi shugabar makaranta awa nawa na taimakon Turanci yake samu a mako.

Ku lissafa hanya da idon basira. Ana tashi wajen ƙarfe 3 na rana, kulawar bayan makaranta ta kuɗi ce kuma ita ma takan cika. A Washinton babu motar makaranta ga yawancin yara, bas da jirgin ƙasa ne kyauta ga ɗalibai, wato sai babba ya raka ɗan shekara 5. Gundumar Montgomery ta Merilan, inda firamaren Rock Creek Forest mai tsarin Sifaniyanci take, tana ɗaukar yaran wannan tsari daga wasu tashoshi da ta ware, ba daga ƙofar gida ba.

Sai tsawon zama. Amfanin tsarin yana fitowa ne bayan shekara 5 ko 6. Idan karatunku na shekara 2 ne za ku dawo Sakkwato, yaron da aka sa a tsarin kashi 90 zai dawo bai ƙware a karatun Turanci ba, ga makarantar nan da Turanci za ta gwada shi, ga Sifaniyancin babu mai yi da shi. Ga irin wannan iyali makarantar Turanci ta unguwa ta fi. Masu dogon zama kuwa su riƙe Hausa a gida kada su sauya ta da Turanci don tausayin yaro, su ware masa lokacin karatun allo ko Islamiyyar ƙarshen mako tun zangon farko, su kuma tambaya wace makarantar gaba da firamare ce ke ci gaba da Sifaniyancin, da ko ita ma sai an sake shiga ƙuri'a.